Catherine Cookson, Marubuciyar Bakin Kogin Tyne

A ƙasar Ingila, can wajen arewa maso gabas, akwai wani kogi da a ke kira Tyne. Kogin ba shi da tsawo ƙwarai, amma wajen shekarar 1900 yana cikin kogunan da suka fi hada-hada a ƙasar duka. Garuruwa sun jeru a gaɓarsa, Newcastle da Gateshead da Jarrow, sa'an nan South Shields a daidai inda ya faɗa teku. Abu biyu ne arzikin wannan yanki, watau kwal da jiragen ruwa. Waɗansu mutane su kan shiga rami su haƙo kwal, waɗansu su yi lodinsa cikin jirage, waɗansu kuwa aikinsu ƙera jiragen. Amma fa kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ribar ta masu kamfani ce, ma'aikata kuwa suna cunkushe cikin 'yan ɗakuna na haya waɗanda hayaƙi ya turnuƙe. Lebura ya kan je ƙofar tashar jirage da sassafe ya tsaya, in an ɗauke shi aikin yini iyalinsa su ci abinci, in ba a ɗauke shi ba sai bashi ko jingina. Mutanen Landan da na kudancin ƙasar ba su ɗauki waɗannan mutane a bakin kome ba, har ma su kan yi dariyar irin Turancin da su ke yi.

A nan ne, a wata unguwa ta South Shields mai suna Tyne Dock, aka haifi Catherine cikin watan Yuni na shekarar 1906. Uwarta, Kate Fawcett, baranya ce a wani masauƙin baƙi inda a ke sayar da giya. A can ta gamu da wani mutum mai kyan tufafi da daɗin baki, ta ɗauki ciki ba aure, shi kuwa ya yi ɓatan dabo. A zamanin nan wannan ba ƙaramin abin kunya ba ne ga talakawan Ingila, balle gidan su Kate da su ke bin ɗariƙar Katolika. Sai kakar yarinyar, Rose, da mijinta John McMullen suka karɓe ta suka riƙe kamar su suka haife ta. Yarinya ta tashi a unguwar East Jarrow ana kiranta Katie McMullen, tana ce wa kakarta uwa, tana zaton Kate yayarta ce.

Ba a daɗe ba asiri ya tonu. Tana da kamar shekara 7, a wurin wasa, yara 'yan'uwanta suka goranta mata cewa ba ta da uba, wadda ta ke kira yaya kuwa ita ce ta haife ta. Wata rana kuma aka yi walima a gidan maƙwabta, aka gayyaci yaran unguwa, ita ta je bakin ƙofa aka mai da ita saboda wannan dalili. Wanda bai san zafin gori ba sai ya ce ai maganar yara ce. Amma matar nan ta yi shekara 91 a duniya, ta tara dukiya mai yawa, Sarauniya ta ba ta lambar girma, duk da haka ba ta daina ba da labarin ƙofar nan da aka rufe mata ba.

Abin da ya ƙara tsananta al'amarin shi ne Kate ta zama mashayiya. Da ta komo gida don ta kula da tsofaffin, sai aiken giya ya faɗa kan 'yarta. Yarinya ta kan ɗauki tulu ta ratsa unguwa ta sayo, ta komo tana rakuɓe-rakuɓe kada a gan ta. Ran da babu kuɗi kuma a ƙunsa mata tufafin gida ta kai kantin jingina, wani lokaci har ta rasa zuwa makaranta saboda haka. Ta kan bi bakin kogi da gefen hanya tana tsintar itace da gutsattsarin kwal na hura wuta. Cikin wannan hali ta ƙudurta abu biyu a ranta. Na farko, lalle ubanta wani babban mutum ne mai asali, saboda haka ita ba irin mutanen unguwar nan ba ce. Na biyu, ko ta halin ƙaƙa sai ta bar wurin.

Tun tana ƙarama ta iya shirya labari, har a gida a kan ce ta cika ƙarya. Tana da shekara 11 ta rubuta wani ɗan labari ta aika wa jaridar garinsu, aka mayar mata da abinta bayan kwana kaɗan. Karatun makaranta kuwa bai yi nisa ba, ba ta kai shekara 15 ba ta bari. Ta yi barantaka a gidan masu hali, ta yi sana'ar zanen furanni a rigunan matashin kai tana sayarwa, sa'an nan cikin 1924 ta sami aiki a ɗakin wanki na gidan gajiyayyu da ke Harton, a South Shields. Aikinta ƙidayar kayan wanki, ta rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita.

Ya kamata a bayyana ko mene ne wannan gida, gama ya shiga littattafanta da yawa. Wuri ne da hukuma ta tanada domin waɗanda talauci ya kai su maƙura: tsofaffin da ba su da mai riƙo, da marayu, da masu taɓin hankali, da matan da suka haihu ba aure iyayensu suka kore su. A kan ba su abinci da makwanci, su kuma su biya da aikin ƙarfi. In miji da mata suka shiga tare a kan raba su. Da gangan aka tsananta zaman wurin don kada mutane su yi sha'awarsa, saboda haka talakan Ingila ya fi tsoronsa da kurkuku. Kullum Catherine tana aiki tare da matan da laifinsu ɗaya da na uwarta, tana ganin inda ita da Kate za su ƙare da kakarta ba ta rufa musu asiri ba.

A wannan lokaci ne ta gamu da littafin da ya juya rayuwarta. Cikin wani littafin hira da ta ke karantawa ta ga an ambaci wasiƙun da wani basarauce, Lord Chesterfield, ya rubuta wa ɗansa, waɗanda aka tara aka buga tun 1774. Sai ta tafi laburaren gari, inda kowa ke iya aron littafi kyauta, ta aro shi. Wasiƙun nan gargaɗi ne na uba ga ɗa: yadda zai yi magana, da yadda zai zauna da manya, da littattafan da ya kamata ya karanta. Abin mamaki, shi ma ɗan da aka rubuta wa wasiƙun ba ta hanyar aure aka same shi ba. Catherine ta riƙi littafin nan tamkar malami. In ya ambaci wani marubuci ko wani sarki na dā, sai ta koma laburare ta nemi labarinsa. Da haka, bayan ta tashi daga aikin wanki, ta koya wa kanta abin da makaranta ba ta ba ta ba. Abokan aikinta suna ta yi mata ba'a, wai 'yar wanki tana son ta mai da kanta uwargida.

Cikin 1929 ta cika alkawarin da ta yi wa kanta, ta bar arewa. Ta ɗan taɓa aiki a wani wuri, kana ta zama shugabar ɗakin wanki na gidan gajiyayyu a Hastings, wani gari a bakin teku can kudu, nisansa da Tyne ya fi mil 300. Mace ce mai tattali ƙwarai, kwabo ba ya fita hannunta a banza. Cikin 1933 ta sayi wani tsohon gida mai ɗakuna da yawa da bashi, ta zuba 'yan haya tana dafa musu abinci, alhali kuwa ba ta bar aikin wankin ba. A shekarun nan garin da ta baro yana cikin masifa. An rufe babbar ma'aikatar ƙera jirage ta Palmer a Jarrow, yawancin mazajen garin suka rasa aiki, har cikin Oktoba 1936 mutum 200 suka taka da ƙafa zuwa Landan, tafiyar kusan mil 300, don su kai kukansu Majalisa. Ba su samo wani abin kirki ba. Ita dai ta tsira, ko kuwa haka ta zata.

A Hastings ta sadu da Tom Cookson, malamin lissafi a makarantar sakandare ta garin, mutum mai sanyin hali wanda ya yi karatu a Jami'ar Oxford. Ta girme shi da shekara 6. Aka ɗaura musu aure cikin Yuni 1940, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Ba abin da ta ke so kamar haihuwa, amma Allah bai nufa ba. Ɗanta na fari ya zo ba rai tun watanninsa ba su cika ba, bayansa kuma ta yi ɓari sau uku. Likitoci suka gane tana da wani ciwo na gado wanda ke sa ƙananan jijiyoyin jini su yi rauni su riƙa fashewa. Shi ne sanadin haɓon da ta ke fama da shi tun tana budurwa, bai kuwa rabu da ita ba har ta mutu. Rashin 'ya'ya, da rashin lafiya, da tsohon miki na ƙuruciya suka taru suka danne ta. Cikin 1945 hankalinta ya gushe har aka kwantar da ita asibitin masu taɓin hankali. Ta fito, amma ta fi shekara 10 tana fama da tsoro da baƙin ciki.

Don neman sauƙin wannan hali ne ta kama rubutu da gaske, ta shiga wata ƙungiya ta masu koyon rubuta labari a Hastings, inda kowa ya kan karanta abin da ya rubuta a yi masa gyara. A nan ne fa abin lura ya ke. Tun tana budurwa ta ke gwada rubutu, amma labarun manyan mutane ta ke shiryawa, masu gidajen sarauta da barori da karusai, mutanen da ba ta taɓa zama da su ba sai dai ta hango su daga ɗakin girki. Ko ɗaya bai yi armashi ba. Sai da ta juya ta dubi wurin nan da ta yi shekara 20 tana gudu, ta ɗauko tulun giya da kantin jingina da gorin unguwa, kana alƙalaminta ya sami abin faɗi.

Littafinta na farko, Kate Hannigan, ya fito cikin 1950, tana da shekara 44. Labarin wata yarinya ce 'yar talakawan bakin Tyne wadda ta haifi 'ya ba aure, da likitan da ya karɓi haihuwar, wanda daga baya ya ƙaunace ta. Kowa ya san tarihin mai littafin ya san inda ta samo sunan Kate. Sai dai a cikin littafi ta ba Kate abin da duniya ta hana uwarta, watau mutunci da miji nagari. Cikin 1952 ta fitar da The Fifteen Streets, ma'anarsa tituna goma sha biyar, kan zaman leburorin tashar jirage. Cikin 1953 kuma Colour Blind, labarin wata Baturiya da ta auri baƙar fata ma'aikacin jirgin ruwa, da wulakancin da dangi da maƙwabta suka yi musu, su da 'yarsu. Ba kowane marubucin Ingila ne ya ke da ƙarfin halin taɓa wannan magana a shekarun nan ba.

Kasuwa ba ta buɗe mata nan da nan ba. Masu sinima sun ɗauki littattafanta biyu suka yi fim da su, Jacqueline cikin 1956 da Rooney cikin 1958, amma duka biyun sai suka ɗauke labarin daga bakin Tyne suka kai shi tsibirin Ailan, ɗaya Belfast ɗaya Dublin. Ga alama a ganinsu ba wanda zai biya kuɗi ya kalli Jarrow. Lokaci ya nuna kuskurensu.

Uwarta ta ƙare kwanakinta a gidanta na Hastings, ta rasu cikin 1956, bayan sun yi shekaru suna faɗa suna shiryawa. Sa'an nan Catherine ta ɗauki aikin da ya fi kowane wuya gare ta, watau rubuta tarihin kanta da na uwarta ba tare da sāke suna ba. Shekara 12 ta yi tana rubutawa tana sākewa, gama duk sa'ad da ta karanta sai ta ga ɗacin rai ya yi yawa. Littafin ya fito cikin 1969 da sunan Our Kate, watau Kate tamu, yadda a ke kiran uwar a gida. A ciki ta faɗi abin da dā ta fi ƙin a sani. Mutane kuwa ba su guje ta ba. Wasiƙu suka yi ta zuwa daga waɗanda su ma suka tashi da uwa mashayiya, ko ba uba, ko suka taɓa kwanciya asibitin masu taɓin hankali, ita da mijinta suna amsawa.

Kafin wannan da shekara guda, cikin 1968, littafinta The Round Tower ya ci kyautar Winifred Holtby, wadda a wancan lokaci a ke ba littafin hira da ya fi kyau cikin masu ba da labarin wani yanki na ƙasa. Da aka fara buga littattafanta da bango mai taushi, masu araha, sai ciniki ya ɓarke. Ta kan fitar da littafi biyu a shekara, wani lokaci fiye. Waɗansu ta sa musu sunan aro, Catherine Marchant. Da ciwon hannu ya hana ta riƙe alƙalami sai ta koma faɗar labarin da baki cikin rikoda, magatakarda ta buga da tafireta. Tom kuwa ya bar koyarwa ya zama mai gyara mata nahawu, mai jinyarta, har da aikin gida. Ba a cika samun namijin da zai yi haka ba, a Ingila ko a wani wuri.

Jimlar littattafanta ta kai wajen 100, an sayar da fiye da kwafi miliyan 100, an kuma juya su cikin harsuna da dama. Amma shaidar da ta fi dacewa da ita daga laburare ta fito. A Ingila a kan ƙidaya littattafan da jama'a ke ara, kuma shekara 17 a jere ba marubucin da aka ari littattafansa kamarta, sai bayan mutuwarta wata mai rubuta wa yara, Jacqueline Wilson, ta karɓe wannan matsayi. Yarinyar da ta shiga laburaren South Shields neman littafi ɗaya ita ce ta cika kantocinsa. Daga 1989 zuwa 2001 kuma aka mai da littattafanta 18 wasan talabijin, wannan karo a arewa maso gabas aka ɗauke su, da irin Turancin mutanen wurin.

Manyan masana adabi na Landan ba su kula da ita sosai ba. Sun ce labarun soyayya ne na mata, wanda ya karanta ɗaya ya karanta duka. Wannan suna ya ɓata mata rai ainun, ta kan ce ita tarihin talakawan arewa ta ke rubutawa. In za a bi gaskiya, kowane ɓangare yana da abin kamawa. Wanda ya rubuta littafi 100 dole ya maimaita kansa, kuma sau da yawa a kan gane ƙarshen labarinta tun daga tsakiya: yarinya matalauciya, da mugun mai gida, da wahala iri iri, daga bisani sauƙi ya zo. Amma masanan sun manta da abu guda. Miliyoyin da ke karanta ta 'ya'ya ne da jikokin masu haƙar kwal da barori da 'yan wanki, waɗanda ba su saba ganin kakanninsu cikin littafi ba sai a matsayin bara mai buɗe ƙofa. Ita ta san kuɗin burodi, ta san ranar da a ke kai kaya jingina da ranar da a ke fansowa, ta san yadda mace ke ɓoye kwalba. Ba ta kuma mai da talakawa waliyyai ba. Cikin littattafanta akwai uba azzalumi, da uwa mai son ɗa ɗaya ta ƙi sauran, da maƙwabta masu gulma, da gabar da ke tsakanin 'yan Katolika da sauran Kirista.

Duk littattafan nan na farko a kudu ta rubuta su, daga nesa. Sai cikin 1976, bayan shekara 47, ta komo arewa maso gabas da zama ita da mijinta. Yankin da ta tarar ba shi ne wanda ta bari ba, an rushe yawancin tsofaffin unguwannin, ramukan kwal da ma'aikatun jirage kuwa suna ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Hukumar South Tyneside ta yi shekaru tana kiran yankin Ƙasar Catherine Cookson don jawo baƙi masu yawon buɗe ido, motoci suna kawo mutane su ga inda aka haifi yarinyar da dā aka hana ta shiga walima.

Da ya ke ba ta da magaji, ta yi ta rabon dukiyarta tun tana da rai. Cikin 1985 ta yi alkawarin fiye da fam 800,000 ga Jami'ar Newcastle, aka sa wani kashi cikin binciken cututtukan jini. Ita da ba ta gama makaranta ba ta taimaki makarantu da asibitoci da yawa. A shekarar nan ta 1985 aka ba ta lambar O.B.E., cikin 1993 kuma aka ɗaga ta zuwa matsayin Dame, wanda ga mata shi ne daidai da Sir ga maza. Ƙarshen rayuwarta a kwance ta yi shi, idonta ya kusa rufewa, amma ba ta bar faɗar labari cikin rikoda ba, har ta bar littattafai da dama waɗanda aka yi ta bugawa bayan ranta. Ta rasu a gidanta a Newcastle ran 11 ga Yuni 1998, saura 'yan kwanaki ta cika shekara 92. Tom bai yi jinkiri ba, bayan kwana 17 ya bi ta. Abin da suka bari aka sa shi cikin asusun taimakon jama'a.

Saura maganar uban nan da ta ɗauka babban mutum ne mai asali, wanda saboda shi ta ƙi yarda ita 'yar unguwa ce, ta dage da karatu. Wata marubuciya, Kathleen Jones, wadda ta fitar da tarihin Catherine cikin 1999, ta bi sawunsa cikin takardun hukuma. Sunansa Alexander Davies, mutumin Lanarkshire a ƙasar Sikotlan. Ɗan caca ne, ya kuma auri mace ta biyu alhali igiyar ta farko tana kansa, abin da dokar ƙasarsu ta haramta.